Ragon Alhaji Mutari da Tukunyar Posibo

Duk matan Gurmawa da na sani a Yamai, Posibo ce kaɗai ba ta iya dafa giya ba, kuma ita ce aka kora daga gida saboda giya. A gabana aka yi. Shekara goma sha ɗaya ɗakina na jingine da nata a gidan hayar Alhaji Mutari da ke unguwar Dar es Salam, don haka kada wani ya zo ya gyara mini zance.

Ni ce Rakiya mai awo. Shekara arba'in ina zaune bayan tiya a bakin Babbar Kasuwa, ban taɓa kai burkutu bakina ba, kuma ba da furfura zan fara ba. Na faɗi wannan ne don masu saurin ɗaga hanci su sauke shi su saurara.

An haifi Posibo a wani ƙauye bayan Makalondi. Tana 'yar shekara goma sha huɗu gwaggonta ta kawo ta birni aikin gida, tun daga nan kuma Plato, unguwar manya, ta cinye ta. Ta yi gidan wani babban ma'aikaci, ta yi gidan Nasara biyu. Ta iya miyar da ake zuba wa madara, ta iya gugar riga har rigar ta tsaya da kanta. Ta auri wani mai gadi, suka yi shekara shida ya rasu, bai bar mata ɗa ba. Hausarta ta kasuwa ce, Zabarmanci ya fi zama a bakinta. Ran Lahadi ta tafi majami'arsu, da azumi kuwa ko ruwa ba ta sha a tsakar gida don kada mu gani. Randa ƙafata ta kumbura, ita ta yi wata guda tana ɗebo mini ruwan alwala a pampo. 'Ya'yan cikina biyu suna garin nan, waya kawai suka bugo.

Shekara uku da suka wuce 'yan bindiga suka hana ƙauyensu zama. Uwarta, tsohuwa Yampowa, ta iso a bayan kamiyon kaya da zane ɗaya a jiki da wani ƙullin tsumma ɗaure a ƙugu. Na zaci laya ce. Sai da muka saba ta kwance mini na gani: 'yar tufkar ciyawa ce, ba ta wuce tafin hannu ba, ta bushe ta yi fari kamar an tsoma ta a gari. Posibo ta ce mini irin giya ne. Giya ba ta tashi sai an sa mata iri, kamar yadda madara ba ta zama nono sai an ɗiga mata na jiya. Duk dahuwa sai a tsoma tufkar a gindin tukunya ta sha farin da ya kwanta, a shanya, a ajiye wa dahuwa ta gaba. Yampowa a wurin uwarta ta karɓa, ita ma uwar a wurin tata. Ta bar tukwanenta, ta bar rumbunta, ta bar awaki, wannan kaɗai ta fito da shi.

Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma mun yi shekara biyu muna zama a ƙofar ɗaki muna tsintar tsakuwa a gero. Takan ɗauki ƙwaya ta ciza, in ta banza ce ta tofar ta harare ni kamar ni na noma. Don wannan na so ta. Mace ce da ta san hatsi.

Da ciwo ya kwantar da ita ta sa aka kira ni. Ta kama wuyan hannuna tana magana, Posibo na mayar mini da Hausa.

"Ta ce in ta mutu kada a sallame ta da lemun kwalba kamar wata 'yar lakwal mai karatun boko."

A wurinsu, in an binne tsoho, sai bayan watanni dangi su taru su sallame shi, kuma da giya ake yi. Yampowa ta ce rabin matattun ƙauyensu da giyarta aka sallame su. Tata sai da irinta, kuma da hannun ɗiyarta.

Posibo ta ce, "Inna Rakiya, na gaya mata ban iya ba. Ta ce ke ce shaida."

Kwana huɗu bayan nan ta cika. To, ni aka riƙe wa hannu. Me kuke so in yi?

Posibo ba ta yi abin a ɓoye ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi in na tuna. Ni na raka ta zauren Alhaji Mutari. Mai sayar da atamfa ne a Babbar Kasuwa, yana zaune a sashen gaba da iyalinsa, mu 'yan haya muna baya. Ta durƙusa ta gaya masa komai, ta ce ba sayarwa za ta yi ba, koyo za ta yi har hannunta ya faɗa, kuma ko ɗigo ba za a sha a gidansa ba. Ya ci gaba da jan carbi. Can ya ce, "Kunu dai za ki dafa, ko? Ni kunu na ji." Muka miƙe za mu tafi, sai ya ce, "Af, dusar fa? Ina za ki riƙa kai ta?"

A satin nan ya sayo wani rago a Turaku, kasuwar dabbobi, don layya, wata uku kafin Salla, lokacin da suke da araha. Rago ne dogo mai ƙaho, amma ana ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa. Hamidu direbansa ya gaya mini da bakinsa cewa washegari ya kai Alhaji wurin Malam Abdulhakim, ya tambaya ko dabbar layya za ta iya cin dusar burkutu. Malam ya ce in an tace ta tun ba a sa iri ba, ba ta bugarwa, babu laifi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Farkon giya tsiro ne. A jiƙa dawa, a baza, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa yayyafa ruwa har ta fito da wutsiya. Posibo ta ɗauko rabin buhun dawar taimako da aka ba uwarta cikin 'yan gudun hijira, ta ce da abin tsohuwa za ta fara. Kwana huɗu tana yayyafi safe da yamma, ko ƙwaya ɗaya ba ta motsa ba, sai wari. Na ɗauki ɗaya na ciza.

Na ce, "Ɗiyata, wannan dawar ta riga uwarki mutuwa. Ta kwana uku a sito, ba kwanan rana ba, na damina. Ga kuma magani an barbaɗa mata. Ko a bakin kogi kika shuka ta ba za ta fito ba."

Na kawo mata jar dawa ta bana daga wurin mutumina na Gaya. Kwana uku ta yi fari fat da tsiro, Posibo ta tsaya a kanta tana dariya kamar an yi mata haihuwa. Ta shanya, ta kai inji aka ɓarza, ta dama da ruwa da yauƙin karan kuɓewa don garin ya kwanta. Ta kwashe ruwan sama, ta dafa na ƙasa, ta haɗe su, ta bari ya kwana ya ɗan yi tsami, ta tace, ta sake ɗora wa wuta tun safe har la'asar. Duk wannan daga abin da ta tuna tana yarinya ne, da abin da tsohuwa ta riƙa faɗa mata a kan tabarmar ciwo. Abin da ya rage a matacin shi ne dusa, daro guda, da ɗuminta. Tun ba ta huce ba Hajiya Balkisa matar Alhaji ta leƙo da kanta ta ɗauka.

Ruwan da aka tace, kafin a sa masa iri, zaƙi ne da shi kamar an zuba zuma. Shi nakan ɗanɗana mata in ce ya yi ko wuta ta yi kaɗan. Iyakata ke nan. Daga nan sai in wanke hannuna in koma ɗakina.

Ba ta yarda ta taɓa irin uwarta wurin gwaji ba, tunda guda ne, in ya lalace babu wani. Sai ta sayo abin kumburin burodi a wurin masu gashi. Karon farko ta zuba shi ruwan na da zafi, don ta saba da gidan Madam uwargijiyarta inda komai ake so yanzu-yanzu. Tukunya ta kwana shiru kamar randa. Karo na biyu zafin watan huɗu ya riga ta. Akwai wani tsoho mai gadi ɗan garinsu, Lompo, da ke zuwa ɗanɗana mata a bakin titi, don ta cika alkawarin ba a sha a gida ba. Ya kurɓa ya runtse ido ya ce ta ajiye, zai yi maganin tsatsar kekensa. Ta shiga ɗaki ta yi kuka, ta fito ta sake jiƙa dawa. Sai a karo na huɗu Lompo ya kurɓa, ya sake miƙo ƙoƙo.

Wata uku ke nan mace na dawowa daga aikin Plato ta hau hura wuta, hayaƙi ya mai da idonta ja, gashin hannunta duk ya ƙone. Shi kuwa rago, daro bayan daro. Haƙarƙari ya ɓace, wuya ya yi ninki uku, in ya kwanta sai ya yi nishi kafin ya tashi. Kullum da yamma Alhaji ya fito da kujera ya zauna kusa da shi yana shafa masa baya, tukunyar Posibo na tafasa taku goma daga hancinsa. Wata rana ma cewa ya yi, "Posibo, kunun nan kwana biyu ba a dafa ba?"

Danginta suka sa ranar sallamar tsohuwa ta zama ranar Salla, don ranar ce masu gadi da 'yan aikin ofis suke samun hutu. A wani lambu za a yi, a Harobanda, hayin kogi. Ana saura kwana biyu ta yi dahuwar gaske. Da ruwan ya huce da yamma ta ɗauko ƙullin, ta durƙusa gaban tukunya ta yi magana da yarensu a hankali, ta saki tufkar a ciki. Da safe ranar jajibiri ta ƙwanƙwasa mini ƙofa.

"Inna, zo ki ji."

Tukunya ta yi kumfa fari har baki, tana wani ƙara siriri kamar yayyafi a kan kwano. Ta ce haka ta uwarta ke yi, shekara talatin rabon da ta ji. Ta riga ta wanke bido huɗu na zuba giyar, ta yi magana da mai taksi ya zo gobe lokacin da mutane ke idi.

Da hantsi sai ga Alhaji ya shigo bayan gida da baƙi biyu, manyan masallacin unguwa, waɗanda bai daɗe da samun shiga cikinsu ba. Rago ya kawo su gani. Babbansu, Alhaji Nazifi, ya zagaya shi yana taɓa gadon baya.

"Masha Allah! Alhaji, me kake ba shi haka?"

"Harawa ce da 'yar dusa, sai albarka."

Sai Alhaji Nazifi ya tsaya, ya ɗaga kai ya shaƙi iska. "Wannan warin fa? Kamar na san shi a unguwar da ba ta kamata ba."

Na ga fuskar Alhaji Mutari lokacin. Na ga ya duba ragonsa, ya ga aiki ya riga ya gama, gobe wuƙa ce. Ya taka zuwa tukunya, ya ɗaga faifan, ya ja da baya kamar ya ga maciji.

"Innalillahi! A gidana? A gidan da nake salla?"

Posibo ta zube a ƙasa. "Baba Alhaji, gobe kawai. Gobe da safe babu ita a gidan nan. Ta uwata ce, ka sani."

"Na san me? Kunu kika ce mini!"

Na fito daga ɗaki ko takalmi ban sa ba. Na ce, "Alhaji, wata uku hancinka na ina? Ko shi ma ka ba da shi haya ne?"

"Inna Rakiya, ki ji tsoron Allah, da girmanki."

"Ina jin tsoronsa, ɗan nan. Shi ya sa ba na ƙarya da azumin Arfa a bakina."

Bai kula ni ba, ya ƙwala wa Hamidu kira ya ce ya zubar. Hamidu magidanci ne mai 'ya'ya biyar, ya tsaya yana sosa ƙeya. "Alhaji, tukunyar da nauyi, ko a bari..."

"Za ka zubar ko ka ajiye mini makullin mota?"

Ya zubar. Bai kalli kowa ba, ya karkata ta a bakin rariya, wahalar wata uku ta bi ƙarƙashin katanga ta fita titi. Ina kallo tufkar ta taso a kan kumfa, ta juya sau ɗaya, ta shige rariya. Posibo ta yi wata ƙara da ban taɓa ji a bakinta ba, ko ranar da uwar ta mutu, ta fita da gudu. A kwatar titi ta same ta, inda ruwan wanka da na wanke-wanken gida goma ke taruwa. Tufkar ta yi baƙi ƙirin, sabulu ya cinye ta.

Ni kuwa idona na kan gindin tukunya. Farin nan ya kwanta a ciki, kaurin yatsa. Na san in na tafi neman tsumma Alhaji zai sa a watsa ruwa. Sai na cire kallabina. Tun da aka kai ni ɗakin miji namiji baƙo bai ga kaina ba, ran nan maza huɗu suka ga furfurata. Na sunkuya na goge gindin tukunyar nan tas, kallabi ya sha ya yi nauyi.

Alhaji ya ce, "Inna, me kike yi haka?"

"Wanke-wanke nake. Ko shi ma an hana?"

Na juya wurin Alhaji Nazifi da abina a hannu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka tambayi abin da rago ke ci an ce maka 'yar dusa. Ga uwar dusar nan an kifar. Duk kitsen da ka shafa daga tukunyar nan ya fito."

Alhaji Nazifi ya dubi tafin hannunsa. Alhaji Mutari kuwa ya yi tsalle kamar an taka shi. "Layyata lafiyarta lau! Na tambayi Malam Abdulhakim, ya ce dusar ba ta da laifi!"

Rago dai na gefe yana ta tuƙa.

Na ce, "Yaushe ka tambaye shi, Alhaji? Ai yanzu ka ji warin."

Kuna tsammani wani abu ya biyo baya? Babu. Baƙi suka yi gyaran murya suka ce rana ta yi, suka fita. Har yau Alhaji Mutari yana sahun gaba tare da su. Kafin azahar ya aiko Hamidu ya gaya wa Posibo ƙarshen wata ta bar masa ɗakinsa. Ni bai kore ni ba, ya san bakina zai bi shi har rumfarsa.

Ranar Salla danginta suka taru a lambu suka watse, babu abin sallama. Mu kuwa a titinmu an jera raguna a gicciye kan itace kewaye da wuta, na Alhaji ya fi na kowa ɗigar da mai, mutane na tsayawa suna yaba masa. Washegari Hajiya Balkisa ta aiko mini da cinya guda, wai Inna ta yi haƙuri. Na so in mayar. Sai na tuna kitsen nan jar dawata ce da itacen Posibo. Na karɓa, na yanka ƙanana, na soya shi ƙarau na zuba a tukunya na rufe.

Kallabin yana rataye a ƙusa cikin ɗakina kwana uku, ya bushe ya sandare kamar fata. Na kai mata. Ta juya shi ta ce, "Inna, ban sani ba ko zai yi. Ba a taɓa yi da kallabi ba."

Na ce, "Ke ma ba ki taɓa yi ba, ga shi kin yi."

Ta koma wata bukka a gefen lambun nan na Harobanda. Na sake aika mata dawa. Bayan sati uku ta bugo waya ta ce jiya da yamma ta yaga rabin kallabin ta sa. Ban tambaye ta komai ba, na ɗauki tukunyar namana na shiga motar faba-faba na ƙetare gada. Na same ta a bakin lambu. Ba ta gaishe ni ba, ta kama wuyan hannuna, daidai inda uwarta ta kama, ta ja ni bayan bukka ta ɗaga faifai.

Tun ban sunkuya ba na ji yayyafin.

Washegari Lahadi suka sake taruwa, ba su kai na farko yawa ba, don wasu ba a ba su hutu ba. Lompo ya fara zuba wa ƙasa, ya kira sunan Yampowa, sannan ya kurɓa. Ya faɗi wata magana, matan suka sa guɗa, Posibo ta rufe fuska da zane. Daga baya ta ce mini cewa ya yi hannun tsohuwa ne. Ni ina can gindin mangwaro da ƙoƙon ruwan zaƙi da ta ɗebar mini tun ba a sa iri ba. Naman kuwa an raba shi kaf, kowa ya samu. Ragon da ya ci dusar Yampowa ya je sallamarta, ko mai shi bai so ba.

Posibo na nan a hayi. Ba ta sayar da giya, har yanzu gugar rigunan Plato take yi, sai dai yanzu tafiyar ta ninka, kullum sai ta taka gada da ƙafa. Sauran rabin kallabin yana ƙulle a ƙugunta. Ni na sayi wani, na kuma nemi gafarar Ubangiji, shi ya san abin da zai yi da kallabina da ragon Alhaji.

Bana ma ya sayo wani a Turaku, ƙashi da fata. Shekaranjiya ya tsaya a ƙofata yana murza hula, wai Inna, ke da kike harkar hatsi, ko kin san inda ake samun dusa mai kyau?

Na ce ya tambayi Malam Abdulhakim.